Faifan da Baffa Ya Ɗaure a Ƙirji

Ranar uku da rasuwar Baffa, yayan mahaifina, ina zaune a bakin tabarma a ƙofar gidanmu da ke gefen garin Rara, ina karɓar gaisuwa, ina kuma jin yadda kowa ke yanke wa mutuwarsa hukunci. Duk wanda ya zo sai ya tuna mana cewa na Allah muke kuma wurinsa muka nufa, a shafa fatiha, sannan ya gyara zama ya faɗi tasa. Liman ya ce shahada ce, tunda 'yan bindiga ne suka tare mota suka kashe shi da rana tsaka. Abokan cinikinsa na albasa da suka zo daga Goronyo suka ce zuciya ce ta ci shi, da ya miƙa abin da aka ce ya miƙa, da yanzu yana nan yana zagin mutane kamar kullum. Wani magidanci daga Maikujera ya durƙusa ya kasa tashi. Ya ce matarsa da goyonta suna cikin motar, kuma ba don tsohon nan ya tsaya faɗa ba, da yau suna daji ana kiransa a waya.

Can sai ga wani tsoho daga Wurno, mai karkataccen muƙamuƙi, wanda ban taɓa gani ba. Bai gama sallama ba kuka ya ƙwace masa. Da ya samu kansa ya nuna haɓarsa ya ce, "Wanga muƙamuƙi da kuka gani, shi yak karya shi ga hilin dambe muna samari. Wata biyu ban tauna tuwo ba. To wa kuka zato yad dinga kawo man garin kunu da tsamiya bisa jaki, kowace Juma'a? Shi na. Damanan da nika jinya shi yan nome man gona, kuma har yau ko sannu bai ce man ba."

Mutane suka yi dariya cikin hawaye. Ni na sunkuyar da kai, don ni ma an taɓa kawo mini garin kunu da tsamiya, kuma ban gane ba.

Daga cikin gida muryar Goggo ta fito, ƙanwarsa, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ba ta iya magana a hankali ko a gidan makoki. Ta ce, "Ku bar hwaɗin abin da ba ku sani ba. Bisa baƙin hwaranti yam mutu, wanda ko tuwo ba a ci cikinai."

Ita ta fi kowa kusa da gaskiya. Abin da ba ta faɗa ba, ko don ta raga mini, shi ne wanda ya sa ya hau motar nan da farantin. Ni ne. Ina rubuta wannan ne don kada shekara ta zagayo a mayar da Baffa wani salihin tsoho mai carbi, wanda mu da muka sha hannunsa ba za mu gane ba.

Baffa mafaɗaci ne, kada wanda ya ɓoye. Ya yi dambe da ƙuruciya, ya daina, amma hannun bai samu labarin an daina ba. In ya kai wa mutum naushi, bayan an raba, abin da yake cewa guda ne: "Hannuna ya riga ni." Haƙurin da zai bayar ke nan. Na ga ranar da ya ɗaga wani ƙato a kasuwar Goronyo ya nutsa shi cikin tulin ruɓaɓɓiyar albasa, don kawai ya taka masa buhu da takalmi. Yayana har yau yana da tabon hannun nan a gira. Kunnensa na hagu dambe ya kashe shi, don haka in ka yi magana sai ya juyo da na dama ya ce, "Mi kac ce?" Na farko kurumta ce, kana iya maimaitawa. In ya sake tambaya a karo na biyu, duk ɗan gidanmu ya san ya ji sarai, abin da ya rage maka shi ne ka nemi ƙofa.

Amma akwai abu guda da hannun nan yake taɓawa da ladabi. A ƙasan adudunsa, naɗe cikin tsohon saƙi tsakanin kwali biyu, akwai faifan garmaho, baƙi, mai nauyi, irin wanda in ya faɗi yake tarwatsewa kamar tangaram. Muryar Kakanmu ce a ciki, mahaifinsu, da gangarsa. Makaɗin noma ne. Tun zamanin Turawa, tun ba a san kaset ba, wasu mutane suka ji shi a wajen gayya, suka kai shi birni suka tsayar da shi gaban na'ura, daga baya aka aiko masa da faifai guda. Minti uku ne kacal. Takardar tsakiyarsa ta goge tun kafin a haife ni. A bayansa kuma wani mai goge ne da ba wanda ya san ko ɗan ina ne.

Ranar Juma'a bayan la'asar Baffa kan fito da garmahon. Allurar ƙarfe ta ƙare a kasuwa tun da daɗewa, kuma shi da ma ya ce ƙarfe cin faifai yake. Sai ya je gindin aduwa ya zaɓi busasshiyar ƙaya, ya wasa bakinta a dutse, ya ɗaura. Ƙaya ɗaya, ji ɗaya. Da abin wanin garmahon ya tsinke, sai ya koma juya faifan da ɗan yatsa, kuma bai taɓa yin sauri ko nawa ba. Mu yara daga nesa muke tsayawa. Abin da muke ji shi ne shuu da ƙaraf-ƙaraf kamar ana suyar ƙosai, can ƙasa kuma wani tsoho yana waƙa kamar daga cikin rijiya. Baffa kan manna kunnen dama a jikin akwatin, ya rufe ido. In ya gama ba ya yi wa kowa magana har magariba.

Ni na tashi a makarantar kwana, na zauna a Sakkwato, ina da shago inda muke ɗaukar talla da waƙoƙin biki, muna kuma juye tsofaffin kaset zuwa memori. Da na samu na'urar juya faifai mai irin gudun da, a hannun wani tsohon ma'aikacin rediyo, sai na fara yi wa Baffa naci. Shekara biyu ina roƙo. Abin da ya karya shi, garmahon ya mutu gaba ɗaya, ya yi damina uku bai ji ubansa ba. Ranar da ya miƙo mini ƙunshin bai saki nan da nan ba. Ya ce, "Kwana bakwai. In yat tsage, kai ma ka tsage."

Na yi aikin da zuciya ɗaya, wannan ko a gaban Allah zan faɗa. Na wanke faifan da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulu, ban bar sifirit ya matso kusa ba don narkar da irinsa yake. Dattin shekaru da garin ƙaya suka fito, ruwan ya koma kamar na jiƙon kanwa. Na sa allura mai kauri wadda ta dace da layinsa, na juye shi cikin kwamfuta. Daga nan aka zo wajen gyara. Manhajar da muke aiki da ita, sai ka nemo mata wuri a cikin waƙar inda babu komai sai shuu, ka ce mata wannan datti ne, duk inda ta ji irinsa ta ɗebe. Na nemo wani ɗan gurbi kusa da ƙarshe, inda Kaka ya tsaya jan numfashi. Na saurara, na ji zzz kawai. Na ce mata ga datti.

Wannan zzz ɗin zaga ce. Siririyar igiyar fata ce da makaɗi ke ɗamewa a fuskar ganga, in an buga ita ke rawa tana ba gangar gurnanin nan da manomi ke ji a ƙirjinsa daga gona ta uku. Ni jikan makaɗi ban san ta ba, gangar da na sani ta cikin fiyano ce. Manhaja ta bi minti ukun nan tsaf ta tsince zagar kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Muryar Kaka ta fito tangaran, sai ka ce yana zaune a shagon. Na ji daɗi har na kira maƙwabta. Kwamfutar ta cika a lokacin, sai na dubi juyin farko mai hayaniya na ce me zan yi da wannan kuma, na goge shi.

Bayan kaka ne, an gama girbin gero, na kai masa. Na tafi da sifika babba, don ina son gari ya san an yi ɗa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida bayan la'asar, dattawa suka zauna, mata suka tsaya a bakin zaure. Na fara miƙa masa faifansa, ya kwance ya duba gaba da baya, ya naɗe. Sannan na kunna. Mutane suka ɗauki salati. Wani tsoho ya ce wallahi kamar ya miƙa hannu su gaisa. Baffa ya juyo da kunnen dama, bai rufe ido ba.

Da ta ƙare ya ce, "Muryat tsoho ta, na ji. Ina gangatai?"

Na ce, "Ga ta nan, Baffa, bari in ƙara ƙarhi."

"Wagga jarka ta aka bugu. Ina zaga?"

Ban ma san me yake tambaya ba. Wani dattijo ya yi mini bayani da ɗan yatsa a iska, sai na gane, kuma maimakon in ji kunya sai na ji haushi. Na ce ai hayaniya ce, na ɗebe ta da gangan don a ji waƙa.

Ya ce, "To mai da ta yadda kag gan ta."

Na ce, "Ba shi yiwuwa, na goge na hwarko. Wanga ya hi kyau."

"Mi kac ce?"

Na maimaita, har da ɗaga murya.

"Mi kac ce?"

Shekarata arba'in da wani abu, ina da 'ya'ya huɗu, na ɗauka dokar ƙofa ta daina aiki a kaina. Sifikar ya fara kai wa naushi. Hannunsa ya shige cikinta har wuyan hannu, ya zaro shi yana jini. Na biyu a bakina ya sauka. Na ji ƙasa ta taso ta same ni, na ji gishiri, na tofa haƙori guda a kan tabarmar liman. Ya ɗaga ƙafa zai taka ni, sai da mutum huɗu suka rataya a jikinsa, yana jan su yana cewa, "Ka kashe ta, ɗan banza. Ka sake kashe ta." Ranar bai ce hannunsa ya riga shi ba.

Goggo ce ta ja ni ɗakinta ta ba ni ruwan gishiri. Ina kurkurewa tana faɗa mini abin da gidanmu ya yi shekaru yana haɗiyewa. An yi wata gayya Baffa yana saurayi, shi ne gaba a noma duk yankin. Ranar wani yaro ya riga shi fita kunya. Al'adar makaɗin noma, wanda ke gaba shi ake bi da kiɗa, ko da ɗanka ne a baya. Kaka ya juya ganga ya bi yaron yana wasa shi. Baffa ya taho da garmarsa ya sara gangar tana rataye a kafaɗar ubansa. Fata ta yage, icce ya dare, bakin garma ya wuce ya yanke wa Kaka jijiyar yatsu biyu.

Ta ce, "Tsoho bai ƙara kiɗi ba. Bai tsine mai ba, bai ko ce ya yahe ba, har damana ukku yac cika. Gangan nan ba ta saura ko'ina duniya sai cikin hwarantin ga. Kai ko kaz zo kac ce datti ta."

Da ni mutumin kirki ne da na koma na durƙusa a daren... a'a, ko daren ban bari ya yi ba, na bi motar yamma na bar garin da kumburarren baki. Bayan mako biyu direban da ke jigilar Rara ya sauke mini ƙulli a shago: garin kunu, tsamiya, da kwalbar zuma. Na tambaye shi saƙo, ya ce babu. Na yi tsaki na aika gida. Muka sha kunun, ban kira shi ba.

Wata goma muka yi haka. Damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsayi, sai babban ɗansa ya kira ni a waya ya ce Baffa ya ce in zo in ɗauki faifan in sake juyewa, wannan karon in bar masa kayansa yadda suke. Na ce aiki ya yi yawa, hanya kuma ba kyau, a ba direba. Na ji muryarsa daga gefe yana cewa ba ya ba kowa. Sai na ce, "To shi kawo da kainai." Rabin maganar fushi ne, rabi tsoro, don kowa ya san abin da ake yi a hanyar nan in dawa ta rufe. Na ɓoye tsoron a bayan fushin, na kuma tabbatar wa kaina ba zai zo ba. Tsoho ne mai shekara tamanin ba kaɗan.

Kwana biyu bayan nan ya ɗaure ƙunshin a ƙirjinsa da igiya, ya sa riga a kai, ya shiga gaban mota.

Direban ne ya ba ni labarin, a bayan gida. Ya ce, "Ba mu kai ga kwalta ba sunka hito, su shidda bisa babur ukku. Sunka ce kowa shi sauka shi kwanta. Kowa yak kwanta, Baba yat tsaya. Guda yat taɓa mai ƙirji yaj ji abu da tauri, yac ce, tsoho, kwance wanga. Baba yaj juya kunne yac ce, mi kac ce? Yaron yas sake hwaɗi. Baba yas sake tambaya. Ni da nis san shi, nan nis sa kaina ƙasa. Ban ga hitat hannun ba, ƙara nij ji."

Wanda aka nausa bai tashi ba. Sauran suka yi kan Baffa gaba ɗaya, suka manta da mutanen da ke kwance, shi ne fasinja suka bazama cikin dawa. Direban ya kwanta a kunya yana leƙe. Sun buga wa Baffa gindin bindiga a ƙirji sau biyu bai faɗi ba. Ya maƙale wuyan ɗaya da hannun hagu ya ƙi saki, ana saransa da adda a kafaɗa, har sai da suka harbe shi a ciki da wuya. Sannan ɗaya ya tsinke igiyar, ya warware saƙin, ya buɗe kwalin. Ya dubi baƙaƙen gutsattsarin, ya juya su, ya yi tsaki ya watsa masa a jiki. Suka cinna wa motar wuta, suka ɗauki nasu biyu suka tafi. Direban ya tsince gutsattsarin a hularsa kafin ya nemi mutane.

Hanyar da na yi wata goma ina gudu, ranar na bi ta ban ko duba gefe ba. Ni da liman da babban ɗansa muka yi masa wanka. A ƙirjinsa akwai shatin faifan, zagaye, ya kwanta baƙi ƙirin. Hannun dama ya kumbura ya tsage, a tsakanin gaɓoɓin na ji wani abu mai tauri, na zaro, guntun haƙori ne. Harshena ya tafi giɓin bakina da kansa. A nan na yi kukan da ban yi a gaban mutane ba, liman ya bar ni na gama.

Sai da aka yi arba'in na iya kwance hular da direban ya ba ni. Gida huɗu faifan ya rabu, da wani ɗan sili da ba a samu ba. Na shimfiɗa su a kan gilashi, na yi kwana uku ina haɗa layi da layi da madubin ƙara girma, na manne ta baya da gam. Mai gogen nan na bayan faifan da ba a san garinsu ba, Allah ya yafe mini, na binne shi a gam. Na ɗora allura a hankali. Ta tafi. Shuu ɗin ya dawo, suyar ƙosan ta dawo, kuma a ƙarƙashinsu ga zaga tana gurnani. Amma yanzu akwai sabon abu. Duk zagayen da faifan zai yi, allura na tsallake tsaga huɗu: ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, tun daga farko har ƙarshe. Irin wannan shi ya fi komai sauƙin cirewa a aikinmu, kafin shayi ya huce an gama, kuma ba zai taɓa zagar ba. Na ajiye juyin wuri uku, ban taɓa komai ba, na tafi Rara.

A ɗakin Goggo na kunna, a waya, da hantsi, murya ƙasa-ƙasa don gidan bai gama hucewa ba. Ta karɓa ta kara a kunne. Da ganga ta shigo na ga kafaɗarta ta motsa sau ɗaya, ta kama kanta. Ta ce, "Ga tsoho nan. Yau dai ga shi." Ta saurara har ƙarshe, ta ce in sake. A karo na biyu ta ɗaure fuska.

"Wanga ƙas-ƙas hwa, mi na? Da babu shi."

Na ce, "Wurin da yah hwashe na, Goggo. Ina iya ɗebe shi, ba shi taɓa gangar."

"Wurin da sunka buge shi ga ƙirji?"

Na ce, "I."

Ta cire wayar daga kunne. Sannan ta miƙo mini ta ce, "Kai dai ba ka gajiya da ɗebe-ɗebe. Gangar ta tsoho ta, wanga ko yayana na. Tun ranag gayyan nan ba su zamna wuri guda ba. Bar su."

Na bar su. Haka na juye wa 'ya'yansa da jikoki, kuma duk wanda ya ce mini sautin bai fita ba, sai in ce ya zauna in ba shi labari. Ya Allah, Kai ka san hannun nan da duk inda ya sauka, Ka kuma san garin kunun da ya biyo baya. Ka yi masa rahama, Ka haɗa shi da mahaifinsa a inda ba sauran fushi. Ni kuma Ka yafe mini maganar da na faɗa a waya, don shi bai tsaya jin haƙurina ba, ya riga ni.